Ranar da Na Hana Tofi a Ƙurban

Tun da muka dawo daga Umra ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo kantin maganinmu a Funtuwa, kafin ta miƙo takardar likita sai ta ce, "Hajiya Binta, yaya Madina?" In ce lafiya lau, in ba ta dabino, ta tafi. Amma abokan aikina sun san ni. Sun san ko Zariya na je sai na dawo da labari, sai ga shi wannan karon na yi gum. To bari in faɗa sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ni mai haɗa magani ce, kuma cikin aikina har da yin allurar rigakafi. Mu biyu daga gidanmu muka bi ayari, ni da mahaifina, wanda duk unguwa ke kira Baba Malam. Umra ce a baki, amma kowa a gida ya san abin da ya tayar da tsohon nan daga kan buzunsa. Ƙanena Nasiru, da ke aiki a wani shagon dabino a wajen Uhudu, an haifa masa ɗa namiji, ya sa masa sunan Baba, ana kiransa Halifa. Baba ya kalli hotuna a waya har ya gaji. Ya ce shi so yake ya riƙe takwaransa a hannu, ya yi masa addu'a tun ƙafa tana iya kai shi.

Allurar sanƙarau ni na yi masa da hannuna tun da sauran makonni, domin jiki ba ya samun kariya ranar da aka soka allura, sai ya ɗauki kwanaki yana koyon kamannin cutar kafin ya iya tare ta. Baba ya miƙo damtse yana kallon bango, yana cewa shi ya biya kuɗin makarantar nan da yanzu ake soke shi da ita.

Mun bi ta Malumfashi da Gwarzo zuwa Kano. A bayan mota akwai jakar da matan gida suka cika wa Nasiru da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, kuma tun kafin Dayi daddawar ta fara gaisawa da kowa. A filin jirgi wani ma'aikaci ya buɗe jakar, ya rufe da sauri, ya ce mu wuce Allah ya kiyaye hanya. A cikin jirgi Baba bai ci komai ba sai biskit, wai bai yarda da kazar da ba ta da ƙashi ba.

Da muka sauka a Madina, kafin a duba fasfo, sai aka tsayar da mu gaban wasu ma'aikatan lafiya. Aka duba shaidar allurarmu, sannan wata nas ta ce kowa ya buɗe baki a ɗiga masa maganin shan inna. Baba ya waiwayo ya dube ni.

"Binta, ba wannan ne ake bi gida-gida ana ɗiga wa jarirai ba?"

"Shi ne, Baba."

"To ni shekara nawa suke gani a fuskata?"

Na ce masa babba yana iya ɗaukar ƙwayar a cikinsa shi bai ji komai ba, ya kai wa yaron da bai da kariya. Ya buɗe baki yana gunaguni, aka ɗiga, muka wuce.

Masaukinmu wani otal ne kusa da Harami, ɗaki mai sanyi kamar cikin firjin da muke ajiye allurai. Na'urar sanyin nan, da suke kira mukayyif, mun rasa yadda ake kashe ta. Baba ya kwana da rawani da bargo biyu, ya tashi da tari. Ban damu ba. A Harami ma tari ake ta ko'ina, liman na karatu sahu na amsawa da tari daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma alhazai har alfahari suke da shi, wai shaidar an zo ce. Abinci kuwa shinkafa ce safe da yamma, mai jan launi da rago a kai. Da safe akwai wani faffaɗan burodi da ake kira tamis, ana dangwala shi a dafaffen wake. Baba ya ci, ya ce da ma da ɗan yaji da ya zama abinci.

Nasiru ya zo mana tun ranar farko, amma bai kai mu gida ba, ya ce sai ranar hutunsa. Na ga ya rame. Yana magana sai tari ya sarƙe shi, ya yi ta yi har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya dawo garau kamar ba shi ba. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce ai mukayyif ne, Yaya, duk gidansu haka ake.

Ranar da ya zo ɗaukarmu, bayan azahar ne. Wanda bai ga Madina a wannan lokacin ba ba zai gane ba. A gida ko rana ta kai yaya za ka ga mai rake, ka ji akuya, ka ji rediyon mai shayi. Can kuwa da muka bar wajen Harami muka nufi unguwarsu Ƙurban, sai na ga tituna fetal, shaguna a rufe, tagogi a rufe, ba ka jin komai sai gurnanin na'urorin sanyi a jikin bangaye. Baba na gaban mota yana jan carbi. Nasiru ya rage murya ya ce da ni akwai maganar da bai faɗa a waya ba.

Ya ce a benen da suke haya, a hawan da ke samansu, akwai wasu mutanen Chadi da jaririyarsu ta rasu watan da ya wuce. Ba zazzaɓi, ba kuka, kawai uwar ta ɗaga mayafi ta tarar ta tafi. Bayan jana'iza suka kwashe kayansu suka bar gidan, haka kowa ya ce. Amma tun daga lokacin, da rana tsaka in gari ya yi tsit, ana jin wani sauti yana saukowa ta matakala. Ya ce shi bai san da me zai kwatanta shi ba. Yanzu kuma Halifa ya fara wani abu, shi ya sa surukarsa ta tara dattawan benen bayan la'asar, a fito da yaron kowa ya yi masa tofi, Baba ya buɗe.

"Wane abu ya fara?" na tambaya.

"Za ki gani, Yaya."

Liftar benen ta lalace, muka bi matakala a hankali saboda gwiwar Baba. Wajen duhu-duhu ne, yana ƙamshin turaren wuta da habbatus sauda, an ƙona har bango ya kama. Muna tsaye Baba na hutawa sai na ji sautin. Tari ne a jere, sauri-sauri, babu numfashi a tsakani, ya yi ta tafiya har na ƙagu a tsaya. Sai shiru. Sannan wata doguwar shaƙa mai ƙara siririya, kamar ana jan iska ta cikin kara. Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Nasiru ya fara karanta Ayatul Kursiyyu. Ni kuwa abin da ya tsorata ni daban ne, domin na taɓa jin sautin nan a ɗakin yara na asibiti lokacin da nake koyon aiki, kuma na san sunansa.

Aka shigar da Baba ɗakin baƙi, ni aka wuce da ni ciki wajen mata. Matar Nasiru, Amal, haifaffiyar Madina ce, iyayenta Hausawan Sudan. Tana jin Hausa tsaf, amma da Larabci take amsawa, sai ta ga na yi sororo ta lalubo Hausar. Mahaifiyarta, Hajja Sakina, doguwar tsohuwa ce mai kaifin ido, ita ke riƙe da gidan tun haihuwar. Ta rungume ni tana cewa "Ahlan, Daktora," ta kawo shayi da na'ana, ta juya gefe ta yi tari mai tsawo cikin mayafinta.

Suka miƙo min Halifa. Bai yi arba'in ba. Kyakkyawa ne, hancin Baba sak. Hajja ta ce ba ta taɓa ganin yaro mai haƙurinsa ba, ko kuka ba ya yi. Na tambayi Amal ko an yi mata allurar rigakafi a ƙarshen cikin. Ta dubi uwarta. Hajja ta ce su ba sa barin a soki mai tsohon ciki, ita ta hana, kuma ta haifi nata duka ba allura.

Ina riƙe da shi ya ɗan yi tari sau biyu, tarin da bai kai a kira shi tari ba. Sai ya tsaya. Idonsa a buɗe, yana kallon wani wuri a bayan kafaɗata, ƙirjinsa ba ya motsi. Na ga leɓensa yana sauya launi, yana komawa toka-toka, har zuwa gefen hanci. Na kifa shi a hannuna ina murza bayansa, na ɗalli tafin ƙafarsa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai san na kira sunan Allah da ƙarfi a zuciyata. Can ya ja numfashi, ya motsa hannu, launin ya fara dawowa.

"Kin gani?" in ji Hajja, a hankali. "Haka yake zuwa. Ya danne shi, ya sake shi. Tun shekaranjiya. Abin da ya ɗauki 'yar sama ne, bai bar imara ba."

Imara ita ce benen. Na miƙa wa Amal yaron na ce ta riƙe shi a tsaye kada ta ɗauke ido daga kansa, na fita na hau sama. Ƙofar gidan mutanen Chadin a rufe take, ba takalmi ko ɗaya a bakinta. Amma sanyi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar yana taɓa min yatsun ƙafa. Na yi sallama. Shiru. Na ƙwanƙwasa. Sai tarin ya sake tashi daga ciki, dab da ni, tarin yaro ne wanda ya yi wayo, aka bi shi da shaƙar nan, sannan na ji kakarin amai. Na ce ni baƙuwa ce daga Najeriya, ma'aikaciyar lafiya, ba ruwana da takardun kowa. Aka daɗe. Sai muryar mace ta ce, daga ƙasa-ƙasa kamar tana zaune a jingine da ƙofar:

"Ba kowa."

Na faɗa wa ƙofar abin da zan faɗa. Na ce ciwon tarin shiƙa ne, yana da magani, a kai yaron asibiti don Allah. Ba a sake amsa min ba.

Ga abin da na sani, kuma duk mai yin allura ya kamata ya sani. Rigakafin tarin shiƙa da aka yi mana muna yara ba ya zama har abada, yana dusashewa da shekaru kamar rinin zane. Babba in ya kamu, yawanci ba ya shaƙar nan, tari ne kawai mai naci da zai ɗora wa sanyi ko ƙura, yana yawo da shi yana rabawa. Jariri sabon haihuwa kuwa bai isa allurarsa ta farko ba, a gida sai ya yi mako shida, can Saudiyya sai wata biyu. Kafin nan ba shi da komai sai abin da uwa ta ba shi tun yana ciki, shi ya sa ake yi wa mai ciki allurar a watannin ƙarshe. Kuma jariri sau da yawa ba ya tarin kirki. Numfashi kawai yake ɗaukewa.

Ina saukowa na tarar an dawo daga la'asar. Ɗakin baƙi ya cika da dattawa, mutanen Damagaram da na Kano da na Sudan, sun zauna a jere, Baba a tsakiya an ba shi wuri mai kyau. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji tari ta nan, tari ta can. Kowannensu ya zo da zuciya ɗaya, ya karanta abin da ya sani, ya sunkuya dab da fuskar yaron ya tofa masa. Ta yiwu Halifa ya riga ya kamu, amma ban da tabbas, kuma ko ya kamu, ƙirjin da ke ɗauke numfashi ba ya bukatar a ƙara masa ko mura. Ga kuma lokaci na tafiya.

Hajja ta fito da shi a naɗe cikin farin tawul. Baba ya gyara zama, ya share tafukansa a riga, ya miƙo hannu biyu. Fuskarsa a lokacin, ban taɓa ganin ta haka ba.

Na shiga tsakaninsu na durƙusa.

"Baba, ka gafarce ni. Kada a yi tofin nan. Asibiti za a kai shi yanzu."

Wani dattijo mai jan gemu ya ce, "Subhanallahi. Yarinya, addu'a kike hanawa?"

"Ba addu'a na hana ba, Alhaji. A yi ta daga nan inda ake zaune, Allah na ji. Abin da ke damun yaron nan a numfashi yake tafiya, daga bakin babba zuwa hancinsa. Duk mai tari kada ya matso kusa da shi."

Hajja ta ce, "Ya Daktora, aib. Mutane sun bar aikinsu sun zo. Wannan ba ciwon mustashfa ba ne." Asibiti take nufi.

Ni dai Baba nake kallo. Hannuwansa na nan a miƙe. Ya buɗe baki zai yi magana sai tarin otal ɗin nan ya zo masa, ya kau da kai ya yi shi a kafaɗa. Da ya gama ya dube ni.

"Har ni, Binta?"

Na san kusan tabbas nasa na mukayyif ne. Kusan. Da a kanti ne wani ya tambaye ni, da ban yi jinkiri ba. Amma wannan mutumin shi ya yi min tofi duk lokacin da na yi zazzaɓi ina yarinya, kuma na san abin da ya sha kafin ya hau matakalar nan.

"Har kai, Baba."

Ya daɗe yana kallon tawul ɗin. Sannan ya janye hannuwansa a hankali ya ɗora a gwiwa.

"Nasiru, tashi ka tayar da mota." Ya juya ga dattawan. "Ku yi haƙuri, 'yan'uwa. A ɗaga hannu daga nan."

Suka ɗaga, wasu da ɗaurarriyar fuska. Muna sauka da yaron ana karanta Fatiha a bayanmu, kuma daga sama sautin nan ya sake biyo mu ta matakala.

A mota ya sake ɗaukewa sau ɗaya, a hannun Amal, tana ta kiran "Abla, Abla," wato Yaya, ni kuwa ina murza masa baya ta bayan kujera. A asibiti ba su ɓata lokaci ba. Likitar ta ji bayanina, ta sa aka ɗauki majinar hancinsa, aka sa masa iskar oksijin da na'urar da ke ƙara in numfashi ya tsaya, aka fara ba shi magani tun kafin sakamako ya fito. Aka keɓe shi a ɗaki shi da uwarsa kaɗai. Da sakamakon ya fito, tarin shiƙa ne. Aka ba duk mutanen gidan maganin kashe ƙwayar, har da ni, har da Hajja. Har muka bar garin ba ta sake kirana Daktora ba.

Ma'aikatan lafiya sun je benen washegari. Nasiru ya ce da mai gadi ya buɗe musu gidan sama, ba kowa a ciki. Mukayyif na aiki, akwai katifa ɗaya a ƙasa da butar shayi da sauran ɗumi. Ba wanda ya ga fitarsu. Ina yawan tunanin yaron nan da ban taɓa ganin fuskarsa ba, kuma ban san inda aka kai shi ba.

Sauran kwanakinmu a Madina tsakanin Harami da asibiti muka yi su. Baba kan zauna a kujerar baranda da takunkumi a fuska, yana jan carbi. Ba a barin kowa shiga. Na'urar Halifa ta yi ƙara sau da yawa a kwanakin farko, kuma duk lokacin da nas ta wuce da sauri Baba kan tsayar da carbin har sai ta fito. Bai taɓa ce min komai a kan abin da na yi ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Tarinsa kuwa ya warke shi kaɗai, kamar yadda na zata.

Ranar tafiyar ayarinmu Makka ta zo ba a sallame su ba. Daga Makka kuma Jidda za mu, sai gida. Na roƙi shugaban ayarin, na roƙi likitar, kowa ya ba ni haƙuri.

Mun ɗaura harami a miƙati, bas ta kama hanya cikin duwatsu, ana ta talbiyya. Sai wayata ta yi ƙara. Nasiru ne. Ya ce tun jiya na'urar ba ta yi ƙara ba, an cire iskar, yaron ya kama nono, likita ta ce in sha Allahu ya tsallake. Na faɗa wa Baba. Ya yi hamdala sau uku, ya juya yana kallon taga, na ga kafaɗarsa tana rawa a ƙarƙashin farin mayafin. Ni ma kuka nake, na murna da na wani abu da ban san sunansa ba.

Da muka yi nisa sai ya juyo gare ni.

"Binta, ke kin ɗauke shi."

"Na ɗauke shi, Baba."

"Yana da nauyi?"

"Ba shi da nauyi sosai. Kansa a nan yake tsayawa, ƙafarsa a nan." Na nuna masa a hannuna.

Ya tara hannuwansa biyu a kan cinya, ya ɗan lanƙwasa na hagu.

"Kamar haka?"

Na gyara masa gwiwar hannun, na ɗaga ta kaɗan yadda kai zai samu wurin kwanciya. Na ce haka ne. Ya sunkuyar da kai, ya karanta abin da ya zo da shi tun daga Funtuwa, a hankali, har ƙarshe. Sannan ya tofa a cikin hannuwan.